Daminar da Na Ƙara wa Dapaong

Bara saura kaɗan in sa a sallami wata yarinya daga makaranta saboda ta rubuta amsar da take daidai. Sunanta Yendukwa, 'yar manoma ce daga wani ƙauye a bayan Dapaong, ni kuma ina koyar da ita tarihi da labarin ƙasa a ajin farko na kwalej, wato ƙaramar sakandare. Zan faɗi yadda abin ya faru, amma sai na fara da kakata, wadda ta rasu tun kafin a haifi yarinyar, kuma ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba.

A Zangon Sokode, unguwar Hausawan garin, na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, Kaka Mero. Daddawa ce sana'arta. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka kalwa kamar wake take dahuwa, alhali sai ta wuni a kan wuta har ta kai dare, kuma ba a barin wutar ta mutu. Ga mu jikoki bakwai a gidan, ga 'ya'yan maƙwabta, dukkanmu masu ƙafar yawo. Kaka ta gano cewa da ta riƙa kiranmu muna zillewa, gara ta sa mu kawo kanmu. Da an idar da sallar magariba sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da murhu a bayan ɗaki, mu kuwa mu kewaye ta, wannan ya tura itace, wancan ya ƙara ruwa a tukunya. Tatsuniya ce ladanmu. Ranar da babu kalwa a kan wuta kuwa, ko birgima za ka yi ba za ka samu ba, sai ta ce yau bakinta yana hutu.

Ba zan ce wurin yana da daɗin zama ba. Hayaƙi yana shiga ido, sauro yana cizo, warin kalwa kuma yana bin rigarka har makaranta, inda yara suke toshe hanci in ka zauna kusa da su. Amma babu wanda yake fashi.

Kaka tana da wata ɗabi'a da ban gani wurin sauran tsofaffin unguwa ba. In za ta fara takan ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri." Mu amsa, "Ta shigo ta zauna." Maimakon ta shiga labari, sai ta tsaya ta faɗi inda ta samo shi. Wannan daga bakin uwarta ta ji, wancan wata mai tallan kanwa ce daga Camba ta ba ta ranar da ruwa ya tsare su a rumfa ɗaya. In kuwa ba ta san mai shi ba, takan ce, "Wannan a kasuwa na tsince ta, ba ta da mai ita. Ku ji ku bar ta a nan." Mu dai gani muke ɓata lokaci ne. Ni ne mafi ƙorafi, don haka ni take yi wa tsiya. Angonta take kirana, kamar yadda kakanni suke yi wa jikoki maza.

"Angona, kai ko abinci aka ba ka ba ka tambayar wa ya dafa. Wata rana za ka ci na kare."

Tatsuniyar da ta shafi zancena ita ce ta ɗan madugu. Ta ce uwarta ta ji ta a garin Mango daga wani mai jakai, wanda ya rantse ya san jikan mutumin.

Wai wani madugu ne ya rasu ya bar ɗa guda, wanda bai taɓa bin hanyar fatauci ba, domin uban a gida yake barinsa. Da lokacin tashin ayarin goro zuwa arewa ya yi, sai ɗan ya ce shi zai ja gaba, tunda jakan na ubansa ne. Aka ce masa hanya tana da babban kogi. Ya ce ba komai, zai tambaya. A wani gari kuwa akwai dattijo mai zama a gindin rimi, wanda ya yi suna wajen sanin hanyoyi. Babu rafin da bai san sunansa ba, babu zangon da bai san mai masaukinsa ba. Ɗan madugu ya kai masa goron gaisuwa, ya durƙusa ya yi tambaya.

A nan Kaka takan ƙanƙance ido ta sauya murya ta zama ta dattijon. "In ka iso kogi, bi gaɓa har ka ga tsamiya biyu a jere. Nan ne mashigi. Ruwan iyakarsa gwiwa."

Suka yi ta tafiya har suka iso, a tsakiyar damina. Ga tsamiya biyu a jere, yadda aka faɗa. Ga kogi kuma ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana tafe da itatuwa. Jakai suka turje suka ƙi shiga. Ɗan madugu ya dubi ruwa, ya dubi tsamiya, ya ce ai an ce iyakar gwiwa, ya sa sanda ya kora su ciki. Jaki uku suka tafi, rabin goro ya bi ruwa, shi kansa da ƙyar aka jawo shi da igiya. Da ya farfaɗo sai ya koma gindin rimi a fusace.

"Baba, yaushe rabonka da ƙetare kogin nan?"

"Ni? Ban taɓa ƙetare shi ba. Wani mai gishiri ne ya faɗa mini, kuma mutumin kirki ne, ba ya ƙarya."

"Shi yaushe ya ƙetare?"

"Da rani. Ai ba ka tambaye ni ba."

Daga nan sai Kaka ta ce, "Ta tashi ta tafi, wanda ya riƙe wani abu nasa ne," ta ɗauki muciya ta duba kalwarta. Mu kuwa sai gardama. Duk mun tsaya a kan cewa dattijon ya kamata a zane. Ta bar mu muka yi mai isarmu, sannan ta tambaya ba tare da ta ɗago kai ba, "Ƙarya ya yi?" Muka ce a'a, amma dai. Ta ce, "Shi wanda ya tsaya a bakin kogin, idanunsa a gida ya baro su?" Ba ta ƙara komai ba, kuma ba ta saba ƙarawa ba. In faɗi gaskiya, abin da ya dame ni a daren shi ne goron. Na kwanta ina tunanin wa ya tsince shi a ƙasan kogi.

Wani lokaci in na dawo daga makaranta takan ce in faɗa mata abin da aka koya mana a lekol, yadda ake kiran makarantar boko a wurinmu. In miƙe tsaye in zuba mata Faransanci, ita kuwa ko kalma ɗaya ba ta ji. Sai ta ce, "Wa ya faɗa wa malamin naku?" In ce littafi. Ta ce, "To wa ya faɗa wa littafin?" In yi dariya, domin a ganina tambayar wanda bai yi boko ba ce. A lokacin na riga na koyi abin da kowane ɗan makaranta a unguwarmu ya koya ba tare da an koya masa ba, wato sanin gida daban, sanin makaranta daban, kuma ba a gwama su. Mun haddace sunayen kogunan da ba mu taɓa gani ba. Rafin da muke wanka a ciki kuwa ba a taɓa tambayarmu shi a jarrabawa ba, don haka ba mu ɗauke shi a bakin ilimi ba.

Na yi karatu a Lome, na zama malami, aka turo ni Dapaong. Makarantar da nake tana da taswira ɗaya wadda ta tsufa har wasu garuruwan sun goge, littattafan darasina kuma ba su kai a raba wa layi ɗaya na aji ba. Intanet ce ta rufa mana asiri. Akwai shafuka da malamai suke zuba darussan da suka shirya, da taswirori, da hotuna, da tambayoyin jarrabawa haɗe da amsoshinsu. Muna kuma da rukuni a waya inda malaman tarihi daga garuruwa daban-daban suke tura wa juna abin da suka samu. Da shi na nuna wa yaran da ba su taɓa wuce Mango ba yadda teku take, da yadda ake loda kaya a jirgin ruwa. Wayar takan zagaya aji daga hannu zuwa hannu, ni kuma ina bin ta da ido kar ta faɗi. Ba na raina waɗannan shafuka, har gobe da su nake aiki.

Da muka zo darasin yanayin yankinmu, sai na sami wani shiryayyen darasi a rukunin, wanda wani ya turo daga wani wuri. An tsara shi tsaf, da zane mai launi, da tambayoyi da amsoshi a ƙarshe. Na ji daɗi, domin ya rage mini aikin mako guda. Na juye shi a allo yadda yake. Shekara tana da yanayi huɗu, in ji darasin: babbar damina, ƙaramin rani, ƙaramar damina, babban rani. Na karanta ban ji komai ba, tunda haka na ga ana yi a Lome shekarun da na zauna can. Yara tamanin da biyu suka kwafa a littattafansu. Kusan dukkansu 'ya'yan manoma ne, kuma babu wanda ya ɗaga hannu.

A jarrabawar ƙarshen shekara na sa tambayar, na ba ta maki mai yawa saboda a ganina kyauta ce. Na zauna da takardar amsoshi a gefe ina bi da jan biro. Kowa ya kawo huɗun nan a jere. Da na zo kan takardar Yendukwa sai na ga layi biyu kawai: damina ɗaya, rani ɗaya. Na ja mata jan layi na wuce.

Ranar da na raba takardu ta jira kowa ya fita, ta zo bakin tebur ta tsaya. Yarinya ce mai tsawo, ta girmi 'yan ajin, domin ta riga ta maimaita ajin sau ɗaya. Faransancinta ba ya nisa, sai ta yi mini Hausar kasuwa, tunda ta san ni ɗan zango ne. Mesiye ɗalibai suke kiran malami a makarantunmu.

"Mesiye, wurinmu ruwa yana zo sau ɗaya. Babana yana shuka sau ɗaya."

Ina tattara takardu, ban ma dube ta sosai ba. Na ce, "Ba gonar babanki na tambaye ki ba. Je ki duba kaye ɗinki." Kaye shi ne littafin rubutu. Ta ce, "To, Mesiye," ta fita.

Da aka haɗa makin dukkan darussa, sai ya zama ɗan abin da ya hana ta kai rabin makin da ake wucewa da shi bai kai makin tambayar nan ba. A makarantarmu kuwa ba a maimaita aji ɗaya sau biyu. Wanda ya faɗi karo na biyu sallamarsa ake yi. Sunanta ya shiga jerin da za a kai taron malamai ranar Talata. Na gani, na ce Allah sarki, na ci gaba da harkata.

A ƙarshen makon na tafi Sokode sunan ɗan ƙanwata. Inna Hure, ƙanwar mahaifiyata, ita ta gaji tukunyar daddawa, kuma tana da 'yar gona a hanyar Sotubuwa. Bayan an watse muna zaune a tsakar gida da la'asar, sai ta fara ƙorafin ruwa ya yi jinkiri, ga irin masara ta saya ta ajiye. Na ce ta yi haƙuri, zai zo. Ta ce, "Bashiru, kai da albashi kake ci. Mu in wannan ta wuce mu, sai baɗi. Ko an ce maka wata damina ake ajiye mana a baya?"

Magana ce ta yau da kullum, ta ma wuce ta shiga zancen tsadar taki. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Na ciro waya na buɗe darasin, na gangara har ƙasa, inda ban taɓa kaiwa ba domin amsoshi suna ƙarewa kafin nan. Da ƙananan haruffa an rubuta cewa wani malami ne ya shirya shi don ɗalibansa a wani gari na bakin teku. Mutumin bai ɓoye komai ba. Abin da ya rubuta gaskiya ne a garinsu.

A motar komawa, tun daga Kara har Mango, tatsuniyar ɗan madugu ce take yi mini yawo a ka. Shekara da shekaru in na tuna ta, nakan ɗauka gargaɗi ce a kan masu faɗin abin da ba su gani ba, ina kuma ganin na fi ƙarfin irinsu tunda na yi karatu. Sai ranar na lura ashe Kaka ba ta taɓa ɗora wa dattijon laifi ba. A Sokode aka haife ni, inda damina ɗaya ce. Na shekara shida a Dapaong, inda ta fi ta Sokode gajarta. Ta tagar ajin da nake koyarwa ana hango gonakin dawa da ake shukawa sau ɗaya a girbe sau ɗaya. Duk wannan na sani, amma a wani ɓangare na kaina yake, ɓangaren da ba ya shiga aji. Kunya ta kama ni ƙwarai, kuma babu wanda zan ɗora wa.

Ranar Litinin da sassafe na shiga ofishin darakta, shugaban makarantarmu. Dattijo ne mai sanyin magana, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Mesiye Bashiru, yara tamanin da ɗaya sun rubuta abin da ka koya musu. Guda ɗaya ta rubuta abin da Allah ya yi. Wanne kake so in kayar?"

Na ce ba ko ɗaya. A bar wa sauran makinsu tunda laifin nawa ne, ita kuma a ba ta nata. Ya ce an riga an cika takardun sakamako, gyara yana nufin a sake na ajin gaba ɗaya, kuma sai na rubuta dalili da hannuna na sa hannu, ya shiga fayil ɗina. Na ce na yarda. Ya ce, "Ka san sufeton makarantu zai karanta." Na ce na sani. Ya miƙo mini takarda da biro, ya ƙara da cewa shi ma ya wuce ta bakin ajin ranar da na rubuta darasin a allo, ya karanta, bai ga komai ba. Ban san ko don ya sanyaya mini rai ya faɗa ba.

Aka cire sunanta daga jerin. A darasi na gaba na sa kowa ya buɗe littafinsa ya soke shafin, na bayyana musu cewa a kudu ne ake damina biyu, na nuna musu a taswira inda abin yake sauyawa. Na kuma nuna musu ƙasan takardar a waya, inda sunan garin mai darasin yake, na ce daga yau duk abin da na kawo musu daga intanet sai mun fara duba wa ya rubuta, a ina yake zaune. Sannan na tambaye su, su da suke zuwa gona duk Asabar, me ya hana su yi magana. Wata daga baya ta ce, "Mun sani, Mesiye. Mun ɗauka a lekol biyu ne." Aka yi dariya, har da ni, ko da yake tawa ba ta kai ciki ba.

Da aka tashi na ce Yendukwa ta tsaya. Na faɗa mata amsarta ita ce daidai, ni ne na yi kuskure, kuma ta wuce aji na gaba. Na zaci za ta yi murna. Ta dai ce ta gode, ta tsaya tana juya littafinta a hannu, sannan ta buɗe ta ajiye mini a tebur. Shafi huɗu ne cike da rubutunta, layi bayan layi, abu ɗaya take maimaitawa: babbar damina, ƙaramin rani, ƙaramar damina, babban rani. Tun ranar da na kore ta take rubutawa, ko da za a sake ba ta dama.

"Mesiye, na riga na haddace wannan. Baɗi in sabon malami ya tambaya, wanne zan rubuta?"

Na ce ta rubuta abin da take gani da idonta a gonar babanta, ko wa ya tambaye ta. Na faɗa da ƙarfi, har na buga tebur kaɗan. Ta dube ni ta ce, "To, Mesiye," ta ɗauki littafinta ta fita. Ina kallon bayanta na san ba idonta ta yarda da shi ba. Malami ne ya sake faɗa mata abin da za ta rubuta, ta kuma karɓa.

Bana tana aji na biyu, wani malami ne yake koyar da su. Na tambaye shi labarinta, ya ce yarinya ce mai ladabi, tana kwafar darasi tsaf, ba ta ba shi wahala ko kaɗan. In mun haɗu a hanya takan rusuna ta gaishe ni. Ban ƙara jin ta yi wa wani malami musu ba.